Ku Tambayi Tanti: Yaron shagona gwani ne, amma in ya kama bik sai ɓarna

TAMBAYA

Assalamu alaikum Tanti, ina gaisuwa da fatan kina lahiya ke da iyali. Ni ɗan kasuwa ne nan Tawa, ina da shago da magaze, muna saida pano na sola da batir da motopom ma masu noman albasa, har Galmi da Madawa da Tabalak muna kai kaya. Cikin yarana akwai wani da bai kai shekara talatin ba, ɗan aminina ne, ya yi lakwal har trwaziyem amma bai samu brebe ba. Wallahi Tanti in don aikin hannu ne ban taɓa ganin irinshi ba, motopom in ta lalace ƙararta kaɗai zai ji yac ce maka ga abin da ke damunta, kuma duk manomin da ya taɓa sayen kaya gurinmu ya san shi, ya san garkarshi, ya san bashin da muke bin shi ba sai ya buɗe kaye ba. Ganin haka na ƙara mai matsayi na ba shi riƙon magaze, shi ka rubuta bon da fakitir da rapor na ƙarshen wata. To tun daga nan munka shiga uku. Sunan mutum guda sai ya rubuta shi iri ukku cikin shahi guda, rapor sai ya kai sati biyu bai kawo ba, in ya kawo ba ya karantuwa. Watan da ya wuce ya rubuta batir 63 sun shigo alhali 36 ne, kwantabul ta ga giɓi ta tada hankali, munka kwana ƙirga, sai munka tarar kaya na nan cif yadda direba ya kawo su. Ita dai cewa ta yi ko sakaci ne ko kuma hanyar sata yake gwadawa. Sauran yara suna mai dariya, sun sa mai suna mushe dikte, shi kuma yanzu ya daina ma magana cikin mutane. Ƙanena da ke jami'a ya ce wai abin ya yi kama da disleksi, wato wahalar karatu da rubutu. Shin ciwo ne Tanti? Shina da magani? In sallame shi ne ko yaya, don wallahi kunyar ubanshi nake ji.

Wani Alhaji, daga Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara ma kasuwa albarka. Kada ka sallame shi. Kuma kafin komi a wanke shi daga maganar satar nan, don ita ce ta fi muni cikin duk abin da ka rubuto. Kun ƙirga kaya kun same su cif, to mi ya sata? Mai son cin batir rage lamba zai yi a takarda don ya ɓoye abin da ya ɗauke, ba zai ƙara ma kansa batir 27 da babu su ba ya jawo a zo a bincike shi. 36 ne ya juye ya koma 63, ko yaron CE2 ya duba zai gane haka. Ka kira kwantabul ɗinka ku biyu ka gaya mata wannan magana ta mutu, don zargi in ya zauna a wurin aiki ko an gano gaskiya ba ya tashi da kansa, sai maigida ya tashe shi da bakinsa.

Irin wannan ya taɓa kaiwa kotu a Ingila. Wata ma'aikaciyar shagon shan kofi na Starbucks a Landan, aikinta ya haɗa da rubuta awon sanyin firji da zafin ruwa a kan lokaci, ta riƙa kuskuren lambobi, aka ce ƙirƙirar takardu take yi aka rage mata aiki, alhali tana da disleksi kuma ta sha faɗa musu. Kotun ma'aikata ta ba ta gaskiya, labarin ya bazu a farkon 2016. Ka ga ke nan ba a Tawa aka fara ɗaukar kuskuren alƙalami a matsayin rashin amana ba.

Sai maganar ƙanenka. Ba a gane disleksi ta wasiƙa, kuma akwai abubuwan da ke kama da ita da ya kamata a fara kawarwa. A duba masa ido, a duba kunne, wannan a asibitin nan Tawa ma ana yi. Sannan akwai babbar tambaya wadda a ƙasarmu dole a yi ta: karatun ne bai samu ba tun asali, ko kuwa ya samu ya ƙi zama? Yara da yawa sun fito daga aji mai cunkoso, littafi guda mutum uku ko huɗu, ga yajin aiki, ga faransancin da ba a ji a gida, sun kai trwaziyem rubutunsu bai nuna ba, waɗannan ba disleksi ke gare su ba, koyarwa ce ta yi musu ƙaranci kuma in sun samu mai zama da su sai ka ga sun miƙe. Mai disleksi shi ne wanda tun CI da CP abokansa da suke gaban mushe guda suka wuce suka bar shi, ya fi su ƙoƙari amma harafi da sauti sun ƙi haɗuwa masa, in an yi tambaya da baki shi ne farkon ɗaga hannu, in an ce a ɗauko kaye sai jikinsa ya mutu. Sau da yawa kuma in ka bincika za ka tarar akwai mai irin haka a dangi, don abin yana bin jini. Wanda ke tabbatarwa shi ne ortofonis, wato masanin matsalolin magana da karatu, ko masanin halayyar ɗan adam da ya san gwajin, ba su da yawa a ƙasar nan, a Yamai ake nemansu. In hali ya yi a kai shi, in bai yi ba kada ka ce sai an samu takardar likita za ka gyara tsarin aiki, gyaran da zan faɗa maka ba ya cutar da kowa.

Ba ciwo ba ne irin na kwanciya, ba taɓin hankali ba ne, ba kuma daƙiƙanci ba. Yadda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan da ke cikin kalma ta liƙa kowane da harafinsa, nan ne matsalar take. Ni da kai in mun ga kalma gaba ɗaya take faɗo mana ba mu san ma mun yi wani aiki ba, shi kuwa sai ya tsinto ta harafi harafi, kafin ya kai ƙarshen layi ya gaji kuma farkon ya gudu. Yawancinsu suna da wahalar riƙe jerin abubuwa na ɗan lokaci, shi ya sa tsakanin ya kalli takardar direba da ya maido ido kan kayensa sai 36 ta juye. Amma shi wannan yaron ka ce masa dala ɗari bakwai da hamsin sau shida, ina kyautata zaton kafin ka ɗauko kalkuleta ya ba ka amsa, lissafin yana nan, kwafewar ce ke ɓata shi. Masana suna ƙiyasta mutum 5 zuwa 10 cikin 100 suna da ita, ƙungiyar da ke kula da abin a Ingila ma cewa take 1 cikin 10. Duba yawan mutanen da ke kasuwar Tawa ranar Lahadi ka yi lissafi da kanka.

Kuma tsohon abu ne. Tun 1887 wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, ya sa mata suna, a 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya kasa koyon karatu, har malaminsa yana cewa da a ce da baki ake duk koyarwa da babu wanda zai kamo shi a makarantar. Da na karanta wasiƙarka shi na fara tunawa.

Abin da ke ƙara ma yaranmu nauyi shi ne faransanci. Sautin o kaɗai a rubuta shi o, a rubuta au, a rubuta eau, wani wuri ot, wani wuri aux, ga haruffan ƙarshe da ake rubutawa ba a faɗinsu. A 2001 an yi wani bincike da ya haɗa masu disleksi na Ingila da Faransa da Italiya, aka ga yadda ƙwaƙwalwarsu ke aiki lokacin karatu iri guda ne, amma ƴan Italiya sun fi sauran iya karatu saboda rubutunsu kusan yadda ake faɗi haka ake rubutawa. Hausar boko ma kusan haka take. Mu kuwa muka ɗauki dikte muka mai da ita ma'aunin hankali, fot biyar zero, a kira maki gaban aji, wani mushen har da bulala. Yaron da ya sha wannan shekara goma ya fito ya samu inda ake yaba masa, sai ga shi an sake miƙa masa bik ana kiransa mushe dikte. Ba mamaki ya yi shiru. Ni wannan sunan ya fi ɓata mani rai a kan batir ɗin, kuma kai kaɗai za ka iya kashe shi, rana guda ka ce ba ka son sake jin sa a shagonka, shi ke nan.

Magani na sha ko allura babu. Addu'a kullum da kyau, amma kada wani ya karɓe maka kuɗi da sunan zai cire masa abin. Ana rage wahalar da horo na musamman kan sauti da harafi, ko babba yana ƙaruwa da shi, sai dai ba ta fita gaba ɗaya, mutum yana koyon hanyoyin zama da ita ne.

Yanzu ga inda nake ganin gyaran yake, kuma ka yi haƙuri Alhaji, rabinsa a wurinka yake. Niyyarka mai kyau ce, ka ga yaro ya yi ƙoƙari ka ɗaga shi, amma ɗagawar ta raba shi da injin da manoma ta zaunar da shi gaban takarda, wato ka cire shi daga inda ya fi kowa ka kai shi inda kowa ya fi shi. Riƙon magaze ai ba rubutu ba ne kawai. Sanin abin da ya shigo da abin da ya fita, sanin wane batir ne ya daɗe a ƙasa, wane manomi ne zai biya bayan an kwashe albasa wane ne sai an bi shi, duk wannan yana kansa. Takardar ce kaɗai ta gagare shi, to a raba aikin da takardar. Matsayinsa da albashinsa su tsaya yadda suke, don in ka rage ko dala guda duk shago za su ce hukunci ne.

Bon ɗin nan da yake rubutawa da hannu, ka sa a buga maka wanda sunayen kaya suna ciki tun daga injin bugawa, shi dai ya sa alama ya cika adadi. Adadin kuma a rubuta, sannan a karanta da baki gaban direba ko mai saye, talatin da shida, wancan ya ce talatin da shida, kafin a sa hannu. Wannan ƙa'idar ka ɗora ta kan kowa har da kai, ba shi kaɗai ba, za ka sha mamakin kurakuran da za a kama a hannun waɗanda ke masa dariya. Kaya in sun iso ya ɗauki hoton takardar direba da salula ya tura ma kwantabul ta WhatsApp, ya bi da wokal, an sauke kaza an sauke kaza, ka ga babu kwafewa balle juyewa. Lambobin kaya masu tsawo irin na kamfani su ma a sauƙaƙa su, a liƙa fenti ko a ba kowane iri suna. Mai kamfanin kayan ɗaki na IKEA a Suwidin, Ingvar Kamprad, yana da disleksi, lambobin kaya suna rikita shi, shi ya sa ya koma ba kujeru da gadaje sunaye, kuma har yau haka kamfanin ke yi. Rapor na ƙarshen wata kuwa, mi kake nema a cikinsa, faransanci ko labarin magazenka? Su zauna da kwantabul rabin awa, shi yana faɗi ita tana bugawa a kwamfuta, ta karanta masa ya ce e haka ne. Ita ma ribarta ce, ta huta da jiran sati biyu da kwana ƙirga. In kana ba shi umarni kada ka jero masa abu bakwai kana tafiya, ka yi masa wokal ya saurara sau nawa yake so.

Lokacin da aka rage masa na rubutu sai a mai da shi inda yake kawo kuɗi. Mutumin da ke jin ciwon motopom da kunne, wanda manoma suka yarda da shi, shi ya kamata ya riƙa zagaya garake lokacin ban ruwa, ya duba pano ya duba inji, ya koya ma ƙananan yaran shago gyara, in lokacin karɓar bashi ya yi shi ne ya san wanda za a lallaɓa. Mai saida sola da yawa ne yanzu, abin da ke sa manomi ya dawo wurinka shi ne in injinsa ya tsaya tsakiyar rani akwai mai zuwa.

Sai dai in ja maka kunne kan abu guda, don ƙanenka zai shiga intanet ya dawo maka da labarin cewa duk mai disleksi haziƙi ne na musamman. Gaskiya ne akwai manya, Richard Branson mai kamfanonin Virgin, da Jacques Dubochet ɗan Suwizalan da ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2017. Akwai kuma binciken da wata malamar jami'a a Landan, Julie Logan, ta fitar a 2007, inda kashi 35 cikin 100 na masu kafa kasuwanci da ta tambaya a Amurka suka nuna alamunta, amma mutanen da aka tambaya ba su kai 200 ba, bai isa a yanke ma duniya hukunci da shi ba. Wasu masu disleksi gwanayen magana ne, wasu na hannu, wasu kuma mutane ne kamar kowa masu wahalar karatu, su ma suna da haƙƙin a sauƙaƙa musu ko ba su da wata baiwar nunawa. Kai ba ka buƙatar Branson, baiwar yaronka da idonka ka gan ta.

Yadda za ka yi masa maganar: ku kaɗai, ba a shago ba, wataƙila a mota kuna hanyar Galmi. Ka fara da cewa maganar batir ta wuce kuma ka san bai ci maka komi ba. Sannan ka tambaye shi wane ɓangaren aikin ne ya fi ba shi wuya, kuma da can yaya yake yi yana tsallakewa, don mai irin wannan yana da dabarun da ya ƙirƙiro ma kansa tun yana yaro waɗanda ni da kai ba za mu hango ba. Kada ka kai ma ubansa ko sauran yara sunan abin sai da yardarsa.

TAMBAYA

Tanti barka da aiki. Ni ɗiyarki ce daga Yamai, na gama lisans na samu aiki a wata ONG, ina cikin watannin gwaji. Tun ina koleji aka tabbatar ina da disleksi, da taimakon mamana da ƙawaye na kai inda na kai. Aikin fita ƙauyuka da hira da mata ba ni da matsala, shef ɗina ma yana yabawa. Amma ni ce ƙarama don haka ni ake ba rubuta PV, wato takardar abin da aka tattauna, na kowane taro, wani lokacin kuma a miƙo mani takarda a ce in karanta ma jama'a nan take. Ranar nan na yi ta sarƙewa har wani ya ce anya lisans ɗin nan tawa ce. In faɗa ma shef ko in yi shiru har a sa mani hannu a kontara?

Ɗiyarki, daga Yamai

AMSA

Ɗiyata, lisans taki ce, kuma kin fi mai maganar shan wuya kafin ki same ta. Faɗa ko rashin faɗa zaɓinki ne, ba wanda zai tilasta miki. Ta fuskar doka, kundin dokar aiki na Nijar na 2012 ya hana mai ba da aiki ya nuna bambanci saboda naƙasa wajen ɗauka ko sallama, kuma ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008. Amma ke ma kin san a watannin gwaji raba hanya ba wuya, ba sai an faɗi dalilin gaskiya ba, don haka ban ce ki dogara da doka kaɗai ba.

Ni dai da ni ce zan faɗa, tunda shef ya riga ya ga aikinki a fili kuma PV ɗin suna ta fita da kurakurai, in kin yi shiru shi zai ba abin suna da kansa, kuma sunan da zai ba shi sakaci ne. Ki same shi shi kaɗai, kada ki je da kuka ko ban haƙuri, ki je da abin da kike so a yi: duk takardar da za ki karanta a taro a ba ki ita tun jajibiri, a yarje miki ɗaukar sautin taro da salula da sanin mahalarta, a ba ki kwana guda ƙari kafin ki miƙa PV, wani ya duba miki kafin ya fita. In akwai abokin aiki mai saurin rubutu da ba ya son tsayawa gaban jama'a, ku yi musaya, shi PV ke bayanin baki. In takardar gwajin da aka yi miki a koleji tana nan ki riƙe kwafi a jaka.

Kwamfutarki ma ki sa ta aiki. Word yana rubuta abin da kika faɗa da faransanci, yana kuma karanta miki abin da kika rubuta, kunne yana kama fot ɗin da ido ya tsallake. Wani lojisiyel na gyaran rubutu mai suna Antidote ya fi mai gyaran da ke cikin Word kama kurakuran nahawu, ki nemi ofis su saya miki, ba da albashinki ba. Rubutu ki sa shi Arial ko Verdana, girma 12 zuwa 14, ki buɗa tsakanin layuka, ki guji jan layi ƙarƙashin kalmomi da manyan baƙaƙe zalla. Haruffan nan na musamman da ake tallatawa wai don masu disleksi, gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna sun fi waɗannan ba, abin da aka ga ya taimaka a wani bincike na 2012 kan yaran Faransa da Italiya shi ne ƙara tazara tsakanin haruffa, wannan kuma kyauta ne a cikin Word.

In aka sake miƙo miki takarda a tsakiyar taro kafin ku yi maganar da shef, ki ce a ba ki minti biyar ki duba sannan ki taƙaita musu da baki. Bayan kun yi maganar kuma ki tura masa ɗan gajeren saƙo na abin da kuka amince a kai, da kwanan wata, ki ajiye kwafinsa.